Ƙotar da Na Rage wa Yatsa Biyu

Zangona na farko a Masar shi ne Ard al-Liwa, wani ɗaki a hawa na biyar, mu bakwai a ciki. Sunana Haladu, mutumin ƙasar Bakori. Gidanmu maƙera ne, amma ni rabona a sana'ar itace ne. Mahaifina da yayyena su ke ƙera ƙarfen adaka, bindigarmu ta gargajiya, ni kuma in sassaƙa mata ƙota. Sama da shekara ashirin ina wannan aiki, mafarauta da masu buga bindigar biki duk sun san hannuna. Da ƙasarmu ta rikice aka sa wa maƙera ido, mahaifina ya ce a rufe wannan ɓangare, muka rufe. Ƙotar fartanya ba ta riƙe gida. Shi ya sa da wani ɗan ajan ya ce akwai masana'antar kujeru a Alƙahira da ke neman masassaƙa, na sayar da gonata ta fadama na biyo shi.

Babu wata masana'anta. Ya kai ni wannan ɗaki, ya ce zai je ya zo da direban manaja, ya sauka. Kwana uku ina kiran lambarsa tana kashe. Mutanen ɗakin 'yan Eritiriya ne da wani ɗan Gini, babu wanda ya yi mini dariya. Ɗan Ginin ne ya kwatanta mini da hannu cewa ba ni ne na farko da mutumin ya ajiye a nan ba, ya tura mini kwanon wake da gurasa.

Wata uku na yi ina hawa da yashi da siminti saman gini. Na koyi abu uku a wannan zango. Na koyi sunayen tashoshin mikrobas, na koyi kada in waiwaya in an kira ni "ya samara", wato baƙar fata, a titi, na kuma koyi cewa wani tsoho mai gidan gurasa a bakin layinmu yana ajiye mini masu zafi ko da na makara. Har na bar unguwar ban san sunansa ba.

Zango na biyu Hayyin Ashir. Wata Juma'a na bi ɗan Ginin can, bayan an idar da salla na ji wani dattijo yana yi wa mai tuk-tuk faɗa da Larabci, da ya juya sai ya ƙarasa mitarsa da Hausa. Na gaishe shi. Ya dube ni sama da ƙasa ya tambaye ni ɗan wane gari ne. Shi ne Kawu Adamu, Bahaushen Sudan. Kakansa ya bar Haɗeja a ƙafa zai je Hajji, ya tsaya a hanya, zuriya ta yaɗu a can. Shi kuma Kawu yaƙi ne ya koro shi Masar, ya buɗe ɗan shagon kayan Sudan, zoɓo da busasshiyar kuɓewa da turaren wuta. Ranar ya kai ni gidansa, matarsa Inna Hawwa ta kawo tuwo da miyar kuɓewa. Ban yi kuka ba, amma na daɗe ban ɗago kai daga kwanon ba. Bayan mako guda na dawo ɗakin ajiyar kayansa da kwana.

Wata rana ƙafar kujerarsa ta karye, na nemi guntun katako na gyara ta da wuƙa. Ya juya kujerar yana dubawa, ya tambaye ni ainihin abin da nake sassaƙawa a gida. Na gaya masa. Ya leƙa waje, ya dawo, ya rage murya.

"Ya zol, bawan Allah, wannan kalma kada ka sake ta fito daga bakinka a cikin mota ko a gidan shayi. Baƙo da bindiga a garin nan, ko a baki ne, ba su haɗuwa."

Sai kuma ya ce yana da wani mai sayen zoɓo saboda hawan jini, Usta Fawzi, wanda sassaƙar ƙotar bindiga ce aikinsa tun yana saurayi, kuma da izinin hukuma yake yi. Idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa duk sun yi karatu sun bar sana'ar. Kawu ya ce zai yi masa magana, amma bai yi mini alkawarin komai ba.

Zango na uku shagon Usta Fawzi, cikin wani lungu a bayan Ataba. Ɗan ƙaramin wuri ne, teburin aiki biyu, magagari iri-iri a jere jikin bango daga babba zuwa ƙarami. Ganin wannan jeri kaɗai ya sa na ji zan iya zama da mutumin. Ya ba ni guntun itace ya ce in fitar masa da kan ƙota, ya zauna yana shan zoɓo. Da na gama ya shafa da tafin hannu, ya gaya wa Kawu sharuɗɗansa, Kawu yana fassara mini.

Na farko, ba ruwana da ƙarfe. Mai bindiga zai zo da lasinsa, Usta ya kwance ƙota a gabansa, mai ita ya koma gida da ƙarfensa, itace kaɗai ke kwana a shago. Na biyu, ba na tambayar kowa me ya mallaka ko ina yake ajiyewa. Na uku, kwana arba'in zai gwada ni. In na yi masa, zan zauna, kuma shi da kansa zai tsaya mini a neman iƙama, wato takardar izinin zama. In ban yi ba, mu rabu lafiya. A lokacin takardar zamana ta kusa ƙarewa. Na san in kwana arba'in ɗin nan suka wuce ban samu gindin zama ba, gida zan koma, ba gona ba sana'a.

Masu zuwa shagon likitoci ne da injiniyoyi da tsofaffin ma'aikata. Ba mafarauta ba ne irin namu. Wani fili suke zuwa, suna ce masa nadi, inji ya cilla farantin yumɓu sama su harbe shi. Na daɗe ina mamakin mutum ya ɓata harsashi a kan abin da ba a ci. Sukan zauna kan bencin ƙofa da shayi suna gardamar wace ƙasa ta fi iya ƙira, kamar yadda mutanenmu ke gardamar raguna. Akwai wani mai shagon zinariya da ke da lasin ƙaramar bindiga, yana ɗaure da ita ƙarƙashin kwat. Sau uku ya zo a kan katakon mariƙinta, ban taɓa ganin ƙarfen ba, sai dai yadda mutumin yake zama a karkace.

Mako huɗu aikina goge itace da shafa mai. Ban yi ƙorafi ba. A rana ta ashirin da tara wani injiniya ya zo, Bashmuhandis Magdi, gajere mai ɗan wuya, mai yawan raha. Ya ce Haladu ya yi masa nisa, ya mai da ni Usta Khalid. Ƙotar bindigarsa mai baki biyu ta tsage a wuya. Ya warware wani tsumma ya fito da dunƙulen wani itace da suke ce wa goz, irin wanda suke ji da shi, mai zane kamar hayaƙi a cikin zuma. Ya ce daga Turkiyya ya zo da shi, shekara shida yana ajiye a cikin kabad, matarsa har kishi take yi da shi. Akwai gasar dattawan nadinsu nan da 'yan makonni, yana so ya shiga da sabuwar ƙota.

An riga an sa wa Usta ranar aikin yanar ido. Ya yi kwana biyu ya fafe inda itace ke haɗuwa da ƙarfe da hannunsa, sannan ya ajiye tsohuwar ƙotar kusa da sabon itacen, ya dafa ta ya ce mini, "Zayyi di bizzabt." Wato kamar wannan daidai. Wannan Larabcin na ji shi sarai, ba zan ce ban ji ba. Ya bar mini mabuɗi ya tafi asibiti.

A nan zan faɗi yadda muke aiki a gida, don a gane abin da na yi. Adaka tana tofar da wuta ta baya, wani lokaci ma ta fashe. Saboda haka mafarauci yakan dafa ƙota a kafaɗa, ya saita, ya kawar da fuska kafin ya ja kunama. Ƙota mai kyau a wurinmu ita ce wadda doronta ya gangara ƙasa sosai, yadda kunci ba zai sami wurin kwanciya ba ko da mai ita ya manta. Akwai Ɗanbaba mafarauci a garinmu, ya sayo wata mai tudun doro daga wata kasuwa, ya kwantar da fuska a kai, tun daga ranar da ido ɗaya yake gani. Mahaifina yakan ce duk ƙotar da ta jawo fuskar mutum kusa da wuta, alhakin idonsa na wuyan wanda ya sassaƙa ta.

Na ɗauki tsohuwar ƙotar injiniya na juya ta. Doronta a tashe yake, mai faɗi, har ya yi santsi inda kunci ke gogarsa. Na yanke hukunci a raina cewa aikin inji ne, wanda ya yi ta bai damu da idon mai ita ba. Mutumin kuma yana da kirki, kullum da wasa yake shigowa. Na kwaikwayi tsawo daidai, na kwaikwayi wuya da mariƙi daidai. Da na zo doro, na auna yatsa biyu, na ja layi da fensir, na sa magagari na cinye su. Ban tambayi Kawu ba, ban kira Usta ba. Na goge, na shafa mai sau biyar, zanen itacen ya fito. A ganina ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba.

Ran Laraba Usta ya dawo da auduga a ido ɗaya, injiniya ya zo da ƙarfensa da lasinsa. Usta ya ɗauki ƙotar yana bin ta da tafin hannu tun daga ƙasa. Da hannun ya zo doro ya tsaya. Ya dube ni da idon da ke buɗe. Injiniya kuwa sai yabon zanen yake yi, yana cewa zai sa ta a gado ya kori hajiya. Usta ya ɗaura masa, ya ce ran Juma'a da safe za mu zo nadi, ni da shi, mu ga yadda take.

Zango na huɗu nadin nan, can bakin hamada bayan an fita gari. Aka rubuta sunayenmu a ƙofa, aka zaunar da mu bayan shinge. Mutum na farko ya fito, ya ɗaga bindiga, ya manna kuncinsa a kan ƙota kamar mai kwantar da kai a matashi. Na ɗan yunƙura a zaune. Ya harba. Babu wuta ta baya, babu hayaƙin a zo a gani, faranti ya tarwatse. Na biyu ma haka. Har da wata mata mai gilashi, ita ma kuncinta a kan itace. Kafin a zo kan injiniya na riga na san abin da na yi, na kuma san itacen da aka cinye ba ya dawowa.

Faranti ashirin da biyar ake cilla wa kowa. Injiniya ya sami huɗu. In ya kwantar da kunci idonsa ya nutse bayan ƙarfe, in ya ɗaga kai don ya gani ƙota ta doke shi a muƙamuƙi. Abokansa na ta tsokanarsa, wani ya ce farantan sun ce a gaishe shi, wani ya ce a bar masa su ya kai gida a zuba miya. Ya yi dariya da su, amma da ya iso bakin shinge babu dariya a fuskarsa, haɓarsa ta yi ja.

Usta ya juyo ya tambaye ni me na yi wa doron. Na nuna yatsa biyu. Injiniya ya tambaye ni wa ya sa ni.

"Babu kowa," na ce. "Ni ne."

Muka dawo gari a mota. Da za mu rabu Usta ya ce in zo ran Litinin, kuma in zo da Kawu, ba ya so kalma ɗaya ta faɗi a ƙasa. Litinin ita ce rana ta arba'in.

Na gaya wa Kawu komai. Ya saurara yana auna wa wata mata zoɓo, da ta tafi ya ce, "To, ɗan Katsina, ka tsallako ƙasa nawa ka zo ceton idon injiniya, shi kuma bai ce maka yana ciwo ba." Ya yi 'yar dariya, ya ga ban yi ba, ya bari. Ya ce wurin kwana da tuwo suna nan ko yaushe, amma maganar takarda ta fi ƙarfinsa, shi ma da katin 'yan gudun hijira yake zaune. Ran Lahadi na yi waya da matata Hajara, ta ba ni labarin an fara yanke dawa, ƙaramarmu ta yi haƙori. Ta tambaye ni aiki, na ce ana yi.

Ran Litinin da hantsi muka isa. Injiniya na zaune, akwatin bindigarsa a kan cinya. Usta ya ce in faɗi dalilina tun daga farko. Na faɗa da Hausa, a jere, Kawu na juyawa. Na faɗi yadda adaka take, da Ɗanbaba, da maganar mahaifina. Ban ce a yi mini uzuri ba, don an ce mini in kwaikwaya ban kwaikwaya ba. Injiniya ya yi ta tambaya, da me muke ɗura ta, da gaske mutum ke kawar da fuska kuma ya sami barewa. Na ce da gaske. Ya girgiza kai ya ce wannan harbi sai mu. Sannan ya ce duk da haka shekara shida ya yi yana jiran itacen nan. Na ce na sani.

Usta ya tashi ya rufe ƙofar shago. Ya karɓi bindigar ya karya ta biyu, ya leƙa bakunan ya ga babu komai, ya nuna wa injiniya, ya nuna wa Kawu, ya ɗaga ta saitin fitila ya ce in leƙa ba tare da na taɓa ba. Haske na gani ta duka biyun. Ya sa injiniya ya zazzage aljihunsa a kan tebur, a ga babu harsashi. Sannan ya mayar masa da ita, ya ja ni ya tsayar da ni taku huɗu a gabansa, ya ce ya ɗaga ya saita idona na dama.

Na matsa gefe. A gidanmu ba a gilma ta gaban bakin bindiga, ko da ƙarfe ne da ba a gama ƙera shi ba. Yayana ya taɓa shan mari a kan haka yana da aure. Na gaya wa Kawu ba zan iya ba. Ya juya maganar, Usta ya amsa a hankali, Kawu ya dawo mini da ita.

"Ya ce mahaifinka ya yi gaskiya, shi ma ba ya yarda kowa ya yi haka sai a nan, ƙofa a rufe, bayan mutum huɗu sun duba. Amma ya ce nan ne ma'aunin aikin. Ƙota ba a kan itace ake auna ta ba, a kan idon mai ita ne. Nasa idon ya gaji. In ba za ka iya tsayawa nan ba, ba shi da abin da zai yi da kai."

Na yi bisimilla na koma inda ya tsayar da ni. Injiniya ya ɗaga, ya kwantar da kunci. Ramuka biyu baƙaƙe na gani, da siririn ƙarfen da ke kwance tsakaninsu, a can ƙarshe kuma girar injiniya. Usta ya tambaye ni ko ina ganin idon. Na ce a'a.

Ya yanko kwali ya manna a doron ƙota, injiniya ya sake ɗagawa. Fatar ido ta leƙo. Ya ƙara wani, ya ƙara wani, kowane sai ya ce, "Shayif?" wato ka gani, ni kuma in ce da saura. A na shida baƙin idon ya fito gaba ɗaya ya zauna a kan siririn ƙarfen nan, yana kallona.

"Bas," na ce, wato ya isa.

Usta ya ɗauko tsohuwar ƙotar daga ƙarƙashin tebur ya jera su, ya ɗora ma'auni a kai. Tudun kwalin da doron tsohuwar sun zo daidai. Injiniya ya sauke bindiga ya karya ta, ya ce ma sha Allah, Usta Khalid yana da ido, hannun ne ke da karambani.

Suka yi magana su biyu, na tsinci kaɗan, Kawu ya cika mini sauran. Za a yanke doron a miƙe, a dasa wani guntun goz a kai, a sassaƙa shi zuwa tsayin kwalin. Zai yi ƙarfi, zai yi harbi, amma layin dashen ba zai ɓoyu ba har abada, zanen nan mai kama da hayaƙi ya katse ke nan. Injiniya ya daɗe yana shafa itacen. Daga baya ya ce a yi, gasa ba ta jira.

Usta ya kwance ƙotar, injiniya ya mayar da ƙarfensa akwati ya tafi. Aka buɗe ƙofa. Usta ya ajiye ƙotar da kwalayenta a kan teburina, ya ce dashe da bushewa da mai za su ci kwana goma, kada in gaggauta. Ya ce kuma ran Alhamis in zo da fasfo da hoto, mu fita da wuri kafin layin masu neman iƙama ya yi tsawo. Kawu bai fassara wannan ba, ya ga na ji.

Na raka Kawu bakin lungu zai hau mota. A nan ne na nemi wuri na zauna a kan dakalin wani mai sayar da wayoyin lantarki. Kawu ya bar mota biyu suka wuce. Ya tsallaka ya sayo mini ruwan rake, ya tsaya a kaina har na shanye. Sannan ya tafi Ashir, ni kuma na koma ciki na fara neman guntun goz da zai zo kusa da launin na injiniya.